Karatu Ya Yi Mata Yawa

A bangon zauren Malam Makau da ke Anka an rubuta "Ba a shiga" da jan fenti, manya-manyan baƙaƙe. Gidan malamai ne tun kaka da kakanni, babu namijin da ya isa ya wuce zaure, ko mai unguwa ne ko ɗan sanda. Mutanen unguwa suna yaba masa, suna cewa ga mai kishin iyali. Kallon kitse suke yi wa rogo. Tun da hukuma ta hana haƙar zinare, rubutun nan ba mata kaɗai yake tsarewa ba. Yana tsare duwatsun da ake kawo masa daga ramukan daji a cikin buhunan gero, a wuce da su ɗakin baya, inda Hidaya take dakawa.

Hidaya 'yar wansa ce. Da 'yan bindiga suka kashe mahaifinta a gona a Zugu, Makau ya je gaisuwa, ya miƙe a gaban jama'a ya ce shi zai riƙe yarinyar. Ta gama sakandare, kanta yana ja, don haka shi zai yi mata rajistar jarrabawar shiga jami'a. Ya kuwa yi. Ranar har wasu mata suka share hawaye suna cewa naka sai naka.

Karatun lauya take so, kuma an gaya mata hanyarsa ta kan takardar Turanci ta bi. Kullum bayan la'asar takan je wurin Malama Asma, wata 'yar Gummi da ke tara 'yan mata a wani aji tana yi musu bita. Takardar kashi-kashi ce. Akwai guntun labari da za ka karanta ka amsa tambayoyi a kansa, akwai cike gurbi, akwai inda za a ba ka kalma a ce ka zaɓo mai kama da ita ko kishiyarta, akwai kuma littafin da aka ce kowa ya karance. A farkon zuwanta, guntun labarin nan shi ne gonar Hidaya. Sau ɗaya take karantawa ta rufe littafi, ta juye wa ƙawayenta shi da Hausa, har da kwaikwayon muryar mutanen ciki, suna dariya Malama tana tsawatarwa ita ma tana danne tata.

Wannan da yamma ke nan. Da safe kuwa, tana gama wanke-wanke take shiga ɗakin baya. An toshe tagar da tsohon buhu don kada ƙura ta fita a gani, ƙofa kuma a rufe take don kada maƙwabta su bambance ƙarar dutse da ta hatsi. A tsakar gida Barakatu, matar Makau, takan ƙure rediyo. Hidaya ta fasa dutse da guduma, ta zuba a turmin ƙarfe ta daka, ta tankaɗe, ta mayar da tsakin turmi. Garin ne Makau yake fita da shi a ɓoye a kai inda ake wankewa. Littafin tsofaffin tambayoyi yana gefe a kan kifaffen kwano, in hannu ya gaji sai ta zauna ta karanta shafi guda. Yatsunta sun bushe da ƙura, ba sa kama takarda, sai ta lasa ta buɗe shafi. Nan ake miƙo mata abincin rana, nan take ci.

Barakatu ba ta taɓa taka ɗakin ba. Yaranta biyu ƙanana kuwa, ko hanyar suka nufa sai sun sha rankwashi. In Hidaya ta fito, ba ta da izinin taɓa kowa sai ta yi wanka ta canza kaya, kayan kuma a wani bokiti daban ake jiƙa su can bayan rijiya. Wata rana Hidaya ta kasa haƙuri.

"Gwaggo, in ƙurag ga ba ta komi, don mi ba ki bari yara su leƙo?"

"Ke dai kin cika tambaya," in ji Barakatu tana tsince shinkafa. "Ni Abare anka haihe ni, gabana anka yi komi shekaran da dalma tak kashe yara. Da likitoci sunka zo, wa sunka ba magani? Ƙanana, 'yan ƙasa ga shekara biyar. Babba ko guda ba su kwantar ba. In da tana kama manya ai da sun hwaɗi. Ke ko ga ki zabgegiya."

Abin da Barakatu ba ta faɗa ba, ko ba ta son ta sani, shi ne yara aka fara ceto don su ne ke mutuwa nan take. Babba ba ya faɗuwa rana ɗaya, a hankali take cin sa. Amma magana in ta yi wa mutum daɗi ba ya bincikar ta, kuma wannan ta yi wa duk gidan daɗi.

Da ɗanɗanon ƙarfe abin ya fara. Ko ruwa ta sha sai ta ji kamar ta tsotsi ƙusa. Sai ciki ya biyo baya, murɗa mai sa ta durƙusa a gaban turmi ta riƙe bakinsa har ta lafa. Barakatu ta ce tsutsar ciki ce, ta jiƙa mata sabara. Sai ciwon kai, wanda ba ya tafiya ko ta yi barci. Makau ya ce duk mai kallon ƙananan rubutu haka yake fama. Hidaya mai fara'a ta koma mai saurin fushi, har ta zagi wata ƙawarta a kan biro, ta dawo gida tana mamakin kanta. Duk wannan ta jure. Abin da ya tsorata ta shi ne ranar da kalmomi suka fara gudunta.

A aji ne. Malama Asma ta rubuta wata kalma a allo ta ce Hidaya ta kawo kishiyarta. Kalma ce da ita da kanta ta koya wa 'yan ajin a makon da ya wuce. Ta miƙe, ta buɗe baki, babu komai. Ta san ta san ta, tana jin wurin da take zaune a kanta, amma wurin wayam. Aka raba guntun labari a kan dashen itatuwa. Ta karanta layin farko ta gane, ta karanta na biyu ta gane, kafin ta kai ƙarshen sakin layi na farkon ya zube. Ta koma sama. Ta sake komawa. 'Yan ajin suka gama suka miƙa takardu, ita ko tambaya ɗaya ba ta taɓa ba.

Da aka tashi Malama ta tsayar da ita.

"Mi as same ki, Hidaya?"

"Ba komi, Malama. Kaina ne ka ciwo."

"Miƙo hannunki."

Ta miƙa. Hannun daman yana rawa, wuyansa yana son lanƙwashewa. Malama ta ce ta buɗe baki, ta ɗaga mata leɓe ta duba dasashi, ta ga wani siririn layi baƙi-baƙi a gindin haƙora. Ta taɓa koyarwa a wajen Duza, inda dalma ta yi ɓarna, ta san abin da take gani.

"Ana daka dutse gidanku?"

Hidaya ta sunkuyar da kai. An sha gaya mata cewa duk ranar da maganar ta fita, Baffanta gidan yari za shi, kuma alhakin yaransa yana wuyanta.

Rubutun zaure maza yake hanawa, bai ce komai a kan mata ba. Washegari da hantsi Malama Asma ta yi sallama ta shige har tsakar gida. Barakatu ta yi wuf ta tare ta da tabarma da ruwa, tana ta jero gaisuwa da ƙarfi don a ji a ɗakin baya. Ba a ji ba, rediyo ya hana. Ƙofa ta buɗe, Hidaya ta fito neman ruwa, fari fat tun daga gashin ido har ƙafa.

"Garin rogo muka tankaɗe," in ji Barakatu.

"Kira man maigidan," in ji Malama.

Makau ya zo ya tsaya daga bakin zaure, ya ba ta gefe kamar yadda ya dace da malami a gaban matar wani, yana jan carbi. Ta gaya masa yarinyar nan tana bukatar a auna jininta a asibiti, yau ba gobe ba, kuma kada ta sake shiga ɗakin nan.

"Malama, mun gode da kulawa," ya ce a hankali. "Amma ɗiyata ta, jinina ta. Kina ganin ni ka cutar da ɗiyar ɗan'uwana da ad ƙasa? 'Yar taimakawa ce takai, kamar yadda kowace ɗiya ka yi gidan ubanta. Kuma kowa ya san abin ga ƙanana yaka kamawa."

"Yana kama manya, Malam. Yana cin ƙwaƙwalwa. Yarinyag ga ita ta hi kowa a ajina, yanzu layi ukku ba ta riƙewa."

"To ai kin hwaɗi da bakinki. Karatu yay yi mata yawa. Kun cika masu kai da Turanci dare da rana, dole kai shi yi zahi." Ya sassauta murya. "Kin san in an auna jini sai ma'aikatan lahiya sun biyo sawu har gida, su tone ƙasa, su tara man jama'a. Gidan ga na da mutunci. Ki bari a gama jarrabawa, kar a raba mata hankali biyu. Ana gamawa ni da kaina zan kai ta. Na yi maki alkawali."

Malama ta dubi Hidaya, ta dubi yaran Barakatu da ke leƙe ta bayan uwarsu. Baƙuwa ce a garin, aikinta ma da lallami take riƙe da shi. Ta karɓi alkawarin don ba ta da abin da ya fi shi, ta tafi ranta a ɓace.

Daga ranar Hidaya ba ta sake zuwa bita ba. Makau ya ce ba zai bar 'yarsa a hannun mace mai shiga gidajen mutane tana leƙen ɗakuna ba. Sau biyu Malama tana dawowa, Barakatu tana tare ta a soro ta ce sun tafi unguwa. A maimakon bita, Makau ya ɗauko allo ya yi mata rubutun kaifin ƙwaƙwalwa da hannunsa, ya wanke ya ba ta, yana tsaye har ta shanye. Ya tabbatar abokan zamansa na zaure sun ga allon. Daka kuwa ba a rage ba, sai ma ƙaruwa, tunda yanzu yammacinta ma ya zama na gida, ga kuma mai sayen gari yana matsa lamba kafin damina ta cika ramuka.

Ta roƙe shi sau ɗaya. Ta durƙusa a gefen buzunsa bayan ya idar da sallar walaha.

"Baffa, don Allah a ɗaga man dakan ga har in yi jarrabawa. In na karanta abu ba shi zama."

"Hidaya, ni nir riƙe ki lokacin da kowa yaj ja baya. Geron da Innarki da ƙannenki ka ci Zugu, ina kika zaton yaka hitowa? Ɗakin nan yaka hitowa. In kin aje guduma, su kinka aje ma. Ki yi haƙuri, saura kaɗan."

Ta tashi ta koma ɗakin. Ta ƙi shi a ranar, ƙiyayya mai ɗaci da ba ta taɓa sanin tana da irinta ba, amma ta ɗauki gudumar. Littafin da aka ce kowa ya karance ta fara shi ya fi a ƙirga, kullum ta buɗe sai ta tarar da mutanen ciki baƙi, kamar ba jiya ta rabu da su ba. Daga baya ta daina kuka a kan haka, ta koma zama da littafin a cinya tana kallon bango.

A Gusau aka tura ta rubuta jarrabawar. Makau da kansa ya raka ta, da sabuwar hula, yana gaya wa duk wanda ke cikin motar cewa marainiyar wansa zai kai. Aka duba zanen yatsunta a na'ura, aka zaunar da ita a gaban kwamfuta a cikin wani dogon ɗaki mai sanyi. Turanci ne ya fara fitowa. Guntun labarin ya cika fuskar na'urar, ta sa ido ta fara.

Kalmomin ba baƙi ba ne. Ɗaya bayan ɗaya ta san yawancinsu. Haɗuwa ce suka ƙi yi. Ta kai ƙasa ba ta san a kan me ake magana ba, ta koma sama. Ta gwada dabarar da Malama ta koya musu, a fara karanta tambaya sannan a nemo amsarta a cikin labarin, amma kafin ta samo wurin ta manta tambayar. Ta ce bari ta tsallake zuwa kalmomi masu kama da juna. Zaɓi huɗu, duk huɗun suka yi mata daidai, can kuma duk suka yi mata kuskure. Yatsanta yana rawa a kan maɓalli, ya danna abin da ba ta nufa ba. Cikinta ya murɗa, ta kifa kai a tebur har ya sake ta. Da ta ɗago, yarinyar da ke kusa da ita ta riga ta kai wani darasin. Hidaya ta koma kan labarin, don zuciyarta ta kasa yarda cewa abin da ta fi iyawa a duniya shi ne ya gagare ta. Tana kansa na'urar ta rufe kanta.

A mota, da suka kusa Anka, ta juya wajen Baffanta.

"Baffa, an gama jarrabawa. Asibitin fa?"

"Ki bari mu isa gida," ya ce.

Da sakamako ya fito ta waya, ko rabin abin da ake nema ba ta samu ba. Makau ya karanta wa mutanen zaure, ya girgiza kai, ya ce shi dai ya yi iyakar yinsa, Allah ya gani, jama'a sun gani. Suka ba shi haƙuri, shi. Maganar asibiti kuwa, ya ce ya yi tunani, abin da yarinyar take bukata shi ne canjin iska da ɗumin uwa. Abin da bai faɗa ba shi ne, hannunta ma ya daina riƙe guduma sosai, kuma an ga Malama Asma tana tambayar hanyar ofishin lafiya. Kafin gari ya san abin da ake ciki an share ɗakin baya an yayyafa ruwa, an sa Hidaya a motar Bukkuyum, daga can ɗan acaɓa ya ɗauke ta zuwa Zugu da buhun gero ɗaure a bayanta.

Innarta, Sa'a, ta fito da gudu, ta gan ta, ta tsaya. Yarinyar da ta tafi da kumatu ta dawo idanu a zurme, leɓe a bushe, hannu ɗaya a lanƙwashe a ƙirji. Ta shigar da ita ɗaki ta zaunar.

"Baffanki ya kira ni. Ya ce karatu yat taɓa maki kai. Ni dama raina bai so bokon ga ba."

"Inna, ba karatu ba ne." Hidaya ta yi maganar a hankali, tana riƙe kowace kalma kada ta kuɓuce. "Dutse sunka sa ni daka. Na zinare. Cikin ɗaki, ƙohwa ruhe, tun zuwana har shekaranjiya. Gwaggo ba ta bari ɗiyanta su kusanto. Malamarmu ta ce dalma ta, ta ce a auna jinina, Baffa ya hana."

Inna ta ji, kuma ta gane. Ba yarinya ba ce, ta san abin da ya faru a Abare da Duza, ta je gaisuwar wasu daga cikin yaran. Ta ɗaga leɓen 'yarta ta duba. Sai ta juya ta dubi buhun da ke jingine a bakin ƙofa. Bana ba su yi noma ba, gonar tana hannun 'yan daji, rumbu babu ko zangarniya. Ƙannen Hidaya uku sun riga sun kewaye buhun, ƙaramar tana cusa yatsa ta wata 'yar ɓula tana lasa. Wanda zai aiko da na wata mai zuwa mutum ɗaya ne a duniya.

Ta daɗe tana kallon buhun, hawaye yana sauka ba ta share ba. Sannan ta kama hannun Hidaya, mai lanƙwasar, ta riƙe da nata biyu.

"Kar in ƙara jin maganag ga bakinki. Kin ji ni? Ko ga wa."

"Inna."

"Ki yahe man. Kar in ƙara ji."

Da yamma aka surfa geron, aka daka, aka tuƙa tuwo. Maƙwabta suka fara shigowa sannu da zuwa, suna zama a bakin tabarma suna kallon Hidaya da tausayi. Inna tana ta ba su amsa ɗaya, cewa karatu ne, ba ta ɗaga kai. Wata tsohuwa ta ce ita dama ta faɗa, Turanci ba abin wasa ba ne, jikarta ma gobe za ta cire ta daga makaranta tun kafin a kai ga haka. Wata ta ce Allah dai ya saka wa Malam Makau, ko uban da ya haifa iyakar abin da zai yi ke nan. Aka ce amin, har da Inna.

Tsohuwar ta matso, ta dafa gwiwar Hidaya.

"Ɗiyata, ashe haka abin yaz zama? Karatun ne dai?"

Hidaya ta dubi Innarta, wadda ta ƙura wa ƙasa ido. Ta dubi ƙannenta sun haɗa kai a kwano ɗaya, suna ci da sauri irin na waɗanda suka kwana biyu ba su ƙoshi ba. Wannan tambayar kam ta gane ta sarai, kuma ta san amsarta.

"Awo, Kaka," ta ce. "Karatu yay yi man yawa."